Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Yadda Za Mu Tsara Tarihin Marubuci Kafin Mu Rubuta

Darasin wannan mako ya samo asali ne daga wata kunya da muka sha a gaban wannan allo.

A zangon da ya wuce mun liƙa tarihin Alhaji Abubakar Imam a nan. Shafi biyu ne cif, mun yi masa ado da jan biro da shuɗi, muna ta jin daɗi. Ba a yi kwana uku ba sai wani yaro ɗan aji ɗaya ya tare mu lokacin cin tara, ya ce, "Yaya, kun ce a Katsina aka haife shi. Kakata 'yar Kagara ce, ta ce ɗan garinsu ne." Muka koma muka duba, ashe yaron ne da gaskiya. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga malamar Hausa. Ta karanta tun daga sama har ƙasa, sannan ta waiwayo ta ce, "Na ga shekaru, na ga sunayen littattafai. To, me ya mai da shi marubuci?" Mu shida ne a wurin, aka rasa mai amsawa.

Inda muka kuskure shi ne mun kama rubutu ba mu yi tsari ba. Waya muka buɗe, muka kwafi abin da muka gani, muka jera. Malama ta zaunar da mu har sau uku ta koya mana yadda ake yi. Abin da muka koya ne muka kawo muku yau, domin kowane aji zai rubuta tarihin marubuci ɗaya kafin ƙarshen wannan zango.

Da Abubakar Imam ɗin za mu ci gaba da misali, don maƙwabcinmu ne. Wanda ya tashi daga Birnin Gwari ya bi hanyar Tegina, in ya wuce Pandogari zai isa Kagara, hedikwatar ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A can aka haife shi a 1911.

Mataki na ɗaya: a fara da tambaya guda

Mutumin da ya yi shekara 70 a duniya ba zai shiga shafi biyu ba. Dole a zaɓi abin da za a faɗa, a bar saura. Abin da ke taimaka wa mai zaɓe shi ne tambaya ɗaya tak, wadda za a rubuta a saman takardar tsari tun kafin a nemi komai. Tun da tarihin marubuci muke so, tambayar ta shafi aikinsa na rubutu.

Tamu tambayar ita ce: yaya aka yi malamin makaranta mai koyar da Turanci ya zama mutumin da har yau da littattafansa ake koyon Hausa?

Ku lura, wannan tambaya ba a amsa ta da "e" ko "a'a", ba a kuma amsa ta da shekara ɗaya. Sai an ba da labari. Duk bayanin da muka samu daga baya, da ita muke auna shi. In yana taimakawa wajen amsa ta, ya shiga. In ba ya taimakawa, ko da yana da daɗin ji, sai mu ajiye shi don wani rubutun. Wani ajin yana iya ɗaukar Imam ɗin nan da wata tambaya daban, kamar yadda aikin jarida ya kai shi ga siyasa, kuma tarihin da zai fito ba zai yi kama da namu ba.

Mataki na biyu: a tara bayani, a rubuta inda aka samo shi

Wuri uku ake samun labarin marubuci.

Na farko, littattafansa. Abin kunya ne mutum ya rubuta tarihin wanda bai taɓa karanta ko shafi ɗaya na aikinsa ba. Ruwan Bagaja ƙaramin littafi ne, ana gama shi a ƙarshen mako guda. Wanda ya karanta yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna ƙeta zai gane irin barkwancin marubucin fiye da wanda aka ba labari. Gani ya kori ji.

Na biyu, abin da aka rubuta a kansa. Akwai littafin tarihin rayuwarsa da Turanci wanda Abdurrahman Mora ya shirya, kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1989. Akwai kuma littattafan nazarin adabin Hausa da malamanmu suke koyarwa da su.

Na uku, mutane: malamai, dattawa, da waɗanda suka yi karatu da littattafansa tun suna firamare. Matambayi ba ya ɓata.

Ga dabarar da malama ta koya mana. A yanka takarda ƙanana-ƙanana. Kowace guda a rubuta bayani ɗaya kawai, a ƙasansa a rubuta inda aka samo shi da lambar shafi, ko sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Shekara ko sunan gari ba ya shiga rubutu sai an gan shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Da mun bi wannan ƙa'ida, da Katsina ba ta maye gurbin Kagara ba. Abin da aka turo a waya ba tare da sunan marubuci ba, mu ɗauke shi a matsayin "wai", har sai mun tabbatar.

Mataki na uku: jadawalin shekaru mai gida biyu

A ja layi a tsakiyar takarda. Hannun dama a jera abin da ya faru da marubucin, hannun hagu kuma abin da ke faruwa a zamaninsa. Ga gidan dama na namu jadawalin:

1911: haihuwa a Kagara. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali.
1927: shiga Kwalejin Katsina.
1932: kammala kwaleji da fara koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.
1933: shiga gasar ƙaga labari da Rupert East ya shirya daga Zariya.
1934: an buga Ruwan Bagaja.
1936: wata shida a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga kashi uku tsakanin 1937 da 1939.
1939: a watan Janairu jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, shi ne editanta na Hausa.
1943: tafiya Ingila tare da 'yan jaridar Afirka ta Yamma.
1944: an buga Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin waccan tafiya.
1981: rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni.

A gidan hagu mun sa haɗe Arewa da Kudu a 1914, Yaƙin Duniya na Biyu daga 1939 zuwa 1945, kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, da samun 'yancin kai a 1960.

Amfanin jadawali ba ya fitowa sai an zuba masa ido an yi lissafi. Mu cire 1911 daga 1933, sai mu ga shekararsa 22 kacal lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Wato bai fi 'yan aji shida da shekara huɗu ko biyar ba. Mu haɗa gidan dama da na hagu, sai mu ga jaridar da yake shiryawa ta fara fitowa ne a shekarar da yaƙi ya ɓarke, lokacin da jama'a suke ƙishirwar labari. Jadawali ya kuma koya mana cewa shekarar rubuta littafi daban take da shekarar buga shi. Mai tarihi ya faɗi wadda yake nufi.

Amma a kula. Jadawali ƙashi ne, ba nama. Shi muka liƙa muku wancan zango muka kira shi tarihi.

Mataki na huɗu: a nemo mararraba

A rayuwar kowane marubuci akwai wuraren da hanya ta rabu biyu, ya bi ɗaya ya bar ɗaya. Su muke kira mararraba. A zaɓi uku, in sun yi yawa huɗu, domin a kansu za a gina rubutun. Ga namu.

Mararraba ta farko ita ce gasar 1933. A lokacin akwai yara masu koyon karatun boko, amma littattafan hira da Hausa da za su karanta ba su da yawa. Rupert East, shugaban hukumar da ke kula da fassara da talifi a Zariya, ya zaga yana roƙon malamai su ƙaga labarai. Daga wannan yunƙuri aka samu littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, wan Abubakar Imam ne. Biyu daga cikin littattafai biyar ɗin nan daga gida ɗaya suka fito, gidan wani alƙali a nan maƙwabtanmu. Wannan bayani yana amsa tambayarmu, domin ya nuna Imam ya tashi a gidan karatu, kuma yana da wanda yake kallo.

Mararraba ta biyu ita ce zaman Zariya na 1936. An ɗauko shi daga aji aka ajiye masa littattafai na ƙasashe daban-daban, irin su Dare Dubu da Ɗaya, Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus. Ya karanta, ya ɗauki abin da ya ɗauka, ya haɗa da nasa na gida, ya sa labaran a bakin aku, ya ba su sarki da waziri da kasuwa irin tamu, har mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta. A nan mai tarihi zai nuna yadda marubucin yake aiki, ba sunan littafin kawai ba.

Mararraba ta uku ita ce 1939, lokacin da ya bar alli ya kama jarida. Ya yi kimanin shekara 12 yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Mai ƙaga labari yana da watanni, amma edita yana da ranar da dole takarda ta fita, kuma dole ya rubuta Hausar da manomi da ɗan kasuwa da soja za su fahimta in an karanta musu. Aikin jaridar ne ya kai shi Ingila, ya kuma sa shi cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa.

A kowace mararraba mu yi tambaya uku: me ke gabansa kafin nan, me ya zaɓa, me zaɓin ya haifar?

Mataki na biyar: a raba sakin layi

Yanzu sai a ɗauko ƙananan takardun nan a kasa su kashi-kashi a kan tebur. Kowane kashi sakin layi ɗaya ne. Ga yadda muka raba namu, na kalma 600:

Sakin layi na 1, buɗewa: matashin malami ɗan shekara 22 a Katsina ya ji labarin gasa. Kalma 60.
Na 2, asali: Kagara, mahaifinsa, wansa Bello, karatunsa. Kalma 90.
Na 3, gasar 1933 da Ruwan Bagaja. Kalma 120.
Na 4, Zariya da Magana Jari Ce. Kalma 120.
Na 5, jarida da tafiya Ingila. Kalma 120.
Na 6, sauran ayyukansa, rasuwarsa da abin da ya bari. Kalma 90.

Abu biyu za ku lura da su. Na ɗaya, ba mu buɗe da "An haifi wane a shekara kaza" ba. Ba haramun ba ne, amma in aji goma duk suka buɗe haka, babu mai tsayawa a gaban allo. Na biyu, mararraba uku sun cinye kalma 360 cikin 600. Haka ya kamata, domin a nan amsar tambayarmu take. Wanda bai raba kalmomi tun farko ba yakan ƙarar da takardarsa a kan yarinta, in ya zo kan littattafai sai ya jera sunayensu a layi biyu ya rufe.

Mataki na shida: gaskiya da adalci

Kafin a kama rubutu, a sake bin tsarin da ƙa'idoji uku.

Kada a sa wa mutum maganar da bai faɗa ba. In ba mu ga maganar a rubuce ba, ba mu ji ta daga wanda ya ji ba, to kada mu sa ta cikin baka biyu. Haka nan kada mu ce "ya yi baƙin ciki" ko "ya yi murna" don kawai muna zaton haka.

A bambanta abin da ya faru da ra'ayinmu. "An buga Ruwan Bagaja a 1934" abu ne da ya faru. "Ruwan Bagaja ya fi Ganɗoki daɗi" ra'ayi ne, kuma mai Ganɗoki yana da magoya baya.

Tarihi ba kirari ba ne. A tafiyar 1943, Nnamdi Azikiwe, wanda yake cikin tawagar, ya shirya takardar neman a ba ƙasashen Afirka ta Yamma mulkin kai, amma Abubakar Imam bai sa hannu ba. A wannan tafiyar kuma ya gana da Gwamna Lugga, wanda ya riga ya yi ritaya, ya faɗa masa koke-koken matasan Arewa masu ilimin boko. Mai son yabo zai ɓoye na farko, mai son suka zai ɓoye na biyu. Mai tarihi yana kawo su duka, ya bayyana halin da ake ciki a lokacin, ya bar mai karatu ya yi hukunci.

Marubutan da ke bayan gidanmu

Wani zai ce, tun da an riga an rubuta tarihin Imam, me ya kai mu wahala? Amsa ita ce da shi muke koyon hannu. Wanda yake so yana iya gwadawa da Nana Asma'u, ko Aliyu Namangi mai Imfiraji, ko Hafsat Abdulwaheed mai So Aljannar Duniya, ko Balaraba Ramat Yakubu. Amma babban aikin yana nan kusa da mu.

A ƙasar Birnin Gwari akwai malaman da suke tsara waƙoƙi da ajami, akwai malaman firamare da suka rubuta wasan kwaikwayo a littafin aiki, akwai matan da suke rubuta labari a cikin gida, akwai dattawan da suka rubuta jerin sarakunan garinsu. Yawancinsu ba a taɓa buga aikinsu ba. Dukanmu mun san abin da ya same mu a shekarun nan. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku da na Kuyambana ba shiri, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Akwai takardun da wuta ta ci, akwai waɗanda gara take ci yanzu haka a ɗakunan da babu kowa. Abin da ya rage yana cikin kawunan tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Tarihin Imam ba zai ɓata ba ko mun yi barci. Na malamin unguwarku kuwa, in ba ku rubuta ba, da wuya wani ya taso daga Kaduna ko Zariya ya rubuta.

Matakan nan shida su ne dai za a bi, sai dai a nan baki ne babbar madogara. Don haka ga ƙarin ƙa'idoji:

A je da izinin iyaye da na malamin aji, mutum biyu ko uku, ɗaya yana tambaya ɗaya yana rubutawa. Kada kowa ya fita gari ko ya bi hanyar daji saboda wannan aiki. Waɗanda suke cikin gari sun ishe mu.

A gaisa yadda ya dace, a faɗi abin da ya kawo ku, a nemi izini kafin a ɗauki murya ko hoton takarda.

A shirya tambayoyi tun daga gida: Baba, wa ya fara koya muku rubutu? Mene ne abu na farko da kuka rubuta, kuma me ya sa? Wa ya fara ji ko karantawa? Akwai lokacin da kuka daina, me ya dawo da ku? Ina takardun suke yanzu?

Tsofaffi da yawa ba sa riƙe shekara da lamba. A tambaye su da abin da ya faru: kafin 'yancin kai ne ko bayansa, zamanin wane sarki, kafin canjin kuɗi na 1973 ko bayansa? Gidan hagu na jadawali zai yi muku aiki a nan.

In an gama rubutu a koma a karanta masa kafin a liƙa. Abin da ya ce a cire, a cire. In rubutunsa ya taɓa maganar tsaro, kada a faɗi sunan ƙauyensa ko inda yake zaune, kuma in ya fi son a sakaya sunansa, a sakaya. Babu rubutun da ya kai ran mutum.

Aikin wannan mako

Ba tarihi muke so ku kawo ba tukuna, tsari muke so. Kowane aji ya miƙa wa wakilin ƙungiyar 'yan jarida na ajinsa takarda ɗaya mai ɗauke da sunan marubucin da aka zaɓa, tambaya guda, wurare uku da za a nemi bayani, jadawali mai gida biyu, mararraba uku, da rabon sakin layi. Ranar Alhamis bayan an tashi za mu zauna da malamar Hausa mu duba su ɗaya bayan ɗaya. Ajin da tsarinsa ya tsaya sai ya kama rubutu.

Shi kuwa ƙanenmu na aji ɗaya da ya gyara mana kuskure, mun ɗauke shi cikin ƙungiya, kuma shi ne mai duba shekaru da sunayen garuruwa kafin a liƙa komai. Wanda ya ga wani kuskure a wannan darasi, ya same shi ko ya same mu. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.